Kurakuran masu koyon tsaron wifi da na gaji da gani

Tun da wuraren sayar da tikitin wifi suka yawaita a Maradi, daga unguwar Zariya har Ali Ɗan Sofo, samari ke zuwa mini da buƙata ɗaya: "Malam, koya mini fasa wifi." Yawancinsu akwatin wifin gidansu (router) ma a buɗe yake.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne sa lambar waya a matsayin kod, wato kalmar sirrin wifi. Na san dalili: tsarin kulle wifi na WPA2 ba ya karɓar kod ɗin da bai kai harafi 8 ba, lambar wayar Nijar kuwa 8 ce cif, sai mutum ya ga ya huta. Ba ka huta ba. Duk sanda wayarka za ta haɗu da akwatin wifi, suna musayar saƙo huɗu a iska. Mai kutse ya kama musayar nan, ya koma ɗakinsa, ya ɗora ta a hashcat, manhajar gwada kod, yana ta gwaji, akwatinka bai ma san ana yi ba. Lamba 8 ba ta wuce zaɓi miliyan 100 ba, kuma kwamfuta mai katin hoto mai ƙarfi tana gwada dubban ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Da ya fara da 96 ko 90, waɗanda lambobin wayar Nijar da yawa ke farawa da su, aikin mintoci ne.

Na taɓa haɗa wa wani mai shagon buga takardu wifi, ya nace sai lambarsa, wai kada ya manta, na biye masa. Lambar nan tana rubuce ɓaro-ɓaro a allon shagonsa! Kafin tsakiyar wata forfe, wato datar da ya saya, ya ƙare, ya ce aikina ne bai yi kyau ba, na sayo masa wani da kuɗina, ƴan uwansa da suka yi mini alkawarin aiki kuma suka janye. Yanzu ko Alhaji ne ba na yarda. Kalmomin Hausa huɗu nake haɗawa waɗanda ba su da alaƙa da juna, in sa lamba a tsakani, ba tare da ƙ ko ɗ ba don wasu wayoyin na wahala da su. Jerin kalmomin da masu kutse ke saukowa galibi na Turanci ne.

Sai ku masu koyo a kan wifin maƙwabci. Wa ya ba ku izini? Ka kalli bidiyo biyu, ka shiga korar wayoyin mutane daga layinsu don ka kama musayar saƙo, alhali wani na tsakiyar aika kuɗi. Wannan ba karatu ba ne, cuta ce, kuma dokar Nijar mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 ta haramta shiga na'urar wani ba da yardarsa ba. Je babbar kasuwa ka sayi tsohon akwati, ka sa masa kod da hannunka, ka fasa abinka. A nan ne za ka buɗe Wireshark, manhajar duba saƙonnin da ke wucewa, ka ga saƙonnin huɗun da idonka, maimakon kwafar umarnin da ba ka san ma'anarsa ba.

WPS kuma, wato hanyar shiga wifi da lambar PIN maimakon kod, kashe shi. Tun 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa akwatin yana duba lambobinsa 8 rabi-rabi, ta ƙarshe kuma ta tantancewa ce kawai, saboda haka gwaji 11,000 ya isa. Komai tsawon kod ɗinka, ka kulle ƙofa ne ka bar taga.

Ɓoye sunan wifi ba tsaro ba ne, sunan na fita da zarar wata waya ta haɗu. Tace adireshin MAC, wato lambar shaidar kowace na'ura, ma haka, ana kwaikwayonsa. Shafin sarrafa akwati kada sunan shiga da kod ɗinsa su zauna a admin da admin. Akwatin da WEP kaɗai ya sani, tsohon tsarin kullewa da aka karya tun 2001, ajiye shi don gwaji. In naka yana da WPA3, magajin WPA2, kunna, shi ne ke tilasta kariyar da ke hana korar wayoyi; wasu abokan aikina na barin sa saboda tsofaffin wayoyi, ni kuwa layi daban nake ware musu.

Kafin ka biya kuɗin adaftar wifi ta USB don gwaji, juya kwalin. Samfurin TL-WN722N na farko, mai cif ɗin Atheros, shi ke sauraron iska kai tsaye a Kali, tsarin Linux na masu gwajin tsaro. In ka ga v2 ko v3, sai ka sha wahalar direba, wato manhajar da ke tafiyar da adaftar, kafin ya yi.