Yadda ake tafiyar da ofishin sayen kaya a Guangzhou ko Yiwu

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Sabon Gari da ke son ajiye wakilai a ƙasar Sin ba ya buƙatar taron ma'aikata. Mutum uku sun isa a fara: mai neman masana'antu da ciniki, mai duba kaya, da mai riƙe lissafi da takardun lodi. Amma wanda ya yi ciniki kada ya zama shi ne mai duba kayan, balle ya saki kuɗi. Ba baƙon abu ba ne masana'anta ta ba mai ciniki la'ada ta bayan fage, kuma wanda ya ci ba ya ganin aibi.

Kowane kaya da garinsa. Yadi a Keqiao da ke Shaoxing, tayil a Foshan, fitilu a Guzhen, kayan waya a Huaqiangbei ta Shenzhen, ƙananan kayan masarufi a Yiwu. Baje kolin Canton, wanda ake yi sau biyu a shekara, daga Afrilu zuwa Mayu da kuma Oktoba zuwa Nuwamba, wurin tara lambobin masu kaya ne, kada a yi gaggawar biyan kuɗi a can. Shafin intanet na 1688, kasuwar sari ta Sin, kuma yana nuna farashin cikin gida, sai a riƙe shi ma'auni kafin a zauna ciniki.

Kafin a saki ko sisi, a nemi hoton lasisin kamfanin. Yana ɗauke da lamba mai gurbi 18 da ake iya bincikawa a shafin rajistar kamfanoni na gwamnati. A duba irin sana'ar da aka rubuta: ƙera kaya ce ko saye da sayarwa kawai? Dillali ba laifi ba ne, wani lokacin ma shi ya fi dacewa da ƙaramar oda, amma a san da wa ake magana. Sannan a taka da ƙafa a ga injina suna aiki.

Samfuri shi ne wurin da ya kamata a daɗe. A yi guda uku, kowa ya sa hannu da kwanan wata: ɗaya a masana'anta, ɗaya a ofis, ɗaya a aika wa maigida a Kano. A yarjejeniya a rubuta nauyin yadi na giram a murabba'in mita, faɗinsa, lambar launi, adadin da ke cikin kwali da alamar da za a buga a jikinsa. A kuma fayyace ma'auni. Yadi ɗaya mita 0.914 ne, saboda haka wanda ya biya kuɗin mita 10,000 aka auna masa da yadi ya yi asarar mita 860 ba tare da an buɗe kwali ba. Duk abin da aka amince a waya a sake rubuta shi a WeChat, manhajar saƙo ta Sin, ɗaya ɓangaren ya amsa.

Biyan da aka saba shi ne kashi 30 na kafin alƙalami, sauran 70 bayan an duba kaya. Sunan asusun banki dole ya yi daidai da na lasisi. Idan saƙo ya zo cewa an canja asusu, a dakata, a kira tsohuwar lambar da aka sani, domin ta nan 'yan damfara suka fi shigowa.

Ranar dubawa, mai duba kaya ne zai zaɓi kwalaye da kansa, daga tsakiya da bayan tuli, ba waɗanda aka jera masa a bakin ƙofa ba. A tsarin AQL 2.5, wato ma'aunin yawan aibin da za a iya lamunta, idan odar tana tsakanin guda 1,201 da 3,200, ana buɗe 125. Idan masu babban aibi a cikinsu ba su wuce bakwai ba a karɓa, in sun kai takwas a mayar a gyara. A yadi kuwa, a jera bandir-bandir a hasken rana, domin rini biyu ba safai suke fitowa iri ɗaya ba.

Wajen lodi, kwantena mai ƙafa 20 kan ɗauki kusan kubik mita 28, doguwa mai ƙafa 40 kuma wajen 68. Tayil nauyi ne ke tsayar da shi tun kwantena ba ta cika ba. A ɗauki hoton kwantena tana fanko, tana rabi, tana cike, da lambar hatiminta. Kayan da za su Najeriya a buɗe musu Form M, takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki, tun kafin lodi, a nemi SONCAP, takardar shaidar ingancin kaya, ga waɗanda dokar ta shafa. Bayanin kaya ya zama iri ɗaya a duk takardu, in ba haka ba PAAR, takardar kimanta kaya ta kwastan, ta maƙale, kuɗin jinkiri ya riƙa hawa a Apapa ko Onne.

Agogon Sin yana gaban na Najeriya da awa bakwai, don haka safiya ta masana'antu ce, rahoton maigida kuma da yamma, lokacin da kasuwa ke buɗewa a gida. Kowace oda ta sami layinta a littafi: abin da aka biya, saura, ranar gamawa, ranar dubawa. Masana'antu suna rufewa makonni a bikin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, ga hutun makon farko na Oktoba. Kayan Sallah sai a lissafa daga ranar da ake son su a shago a koma baya, a cire kwanakin kwastan, na teku, na dubawa da na ƙira, sannan a ƙara mako biyu saboda gyara.