Yadda ake komawa harkokin yau da kullum bayan dashen hanta

Wanda aka yi wa dashen hanta, ko a Indiya ko a Masar ko wata ƙasa, yakan dawo gida da ƙarfin da ya daɗe bai ji irinsa ba. Ido ya washe, ciki ya saɓe, abinci ya fara daɗi. A nan ne kuma ake yawan yin kuskure, domin maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar hantar shi ne yake rage garkuwar jiki. Saboda haka komawa kasuwa da gona da hidimar jama'a yana da tsari, kuma daki-daki ake bin sa.

Fara da agogo

Kafin komai, ka tsayar da lokacin magani. Yawancin masu dashe suna shan tacrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar hantar, sau biyu a rana, tsakaninsu awa 12 cif, misali 8 na safe da 8 na dare. Ka sa ƙararrawa a waya, ka kuma zuba maganin kwana biyu a ɗan gwangwani ka riƙa yawo da shi, saboda ranar da dare zai yi maka a hanya. Ranar gwajin jini kada ka sha na safe sai an ɗebi jinin. Likita yana son ganin mafi ƙarancin abin da ya rage a jiki ne. In ka riga ka sha, sakamako zai nuna ya yi yawa, a rage maka, alhali ba haka ba ne.

Abubuwa da dama suna rikita wannan magani. Garehul, babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci, yana sa ya taru a jini har ya taɓa ƙoda, haka ma magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su clarithromycin da fluconazole. Rifampicin na tarin fuka kuwa zubar da shi yake yi, hanta ta zauna ba kariya. Ibuprofen da diclofenac da ake saya a kemis don ciwon jiki suna haɗuwa da shi su wahalar da ƙoda. Jiƙo da tsimi da garin magani, ko da wani babba a dangi ne ya kawo da kyakkyawar niyya, a yi godiya a ajiye, domin ba wanda zai iya faɗa maka abin da za su yi wa hantar. Idan cutar hanta nau'in B ce ta kai ka ga dashe, tenofovir ko entecavir da aka ba ka ba a dainawa.

Wata uku na farko

Tafiya a ƙasa ita ce motsa jikinka. Fara da minti 10 sau biyu a rana, da safe ko bayan la'asar, ka riƙa ƙara minti biyar duk mako har ka kai minti 30. Kada ka ɗaga abin da ya wuce kilo 5 sai likita ya sallame ka, galibi bayan mako 8 zuwa 12. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Bokiti cike, buhun shinkafa, jika mai shekara biyu, daka a turmi da jan guga duk sun wuce ƙa'ida. Fata tana warkewa da wuri, amma naman cikin da aka yanka yana ɗaukar watanni, kuma prednisolone, ɗaya daga cikin magungunan dashen, yana ƙara jinkirta shi. In ka matsa, wurin ya buɗe ta ciki, hanji ya turo ya yi ƙullutu, a koma tiyata. Sujada ma in tana jan ɗinki, yi salla a zaune har ya lafa. Tuƙin mota sai ka iya taka birki da ƙarfi ba tare da ciwo ba, babur kuwa a ƙara haƙuri.

'Yan dubiya za su yi ta zuwa. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, a shigo biyu-biyu, mai tari ko mura ya yi gaisuwarsa ta waya. A sayi ma'aunin zafin jiki. Idan ya nuna 38, ko ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, ko gudawa ta wuce kwana ɗaya, a kira likitan dashe a ranar. Kada a ce maleriya ce a sayo magani, a yi gwaji tukuna.

Abin da kake sha'awa

Bayan wata shida, in gwaje-gwaje sun daidaita, ana iya komawa lambu. Sa safar hannu da takalmi rufaffe da takunkumi, ka yayyafa wa ƙasa ruwa kafin ka tona don kada ƙura ta tashi. Juya taki da ruɓaɓɓen ganye ka bar wa wani, domin funfunar da ke ciki in ta shiga huhun mai raunin garkuwa tana da wuyar magani.

Masu kiwon tattabaru su ne za su fi jin nauyin wannan magana. Busasshen kashin tattabara yana ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke bi ta numfashi ta kai ƙwaƙwalwa, ta kawo wani irin sanƙarau mai farawa a hankali da ciwon kai. Kana iya zama a tsakar gida ka ga tashinsu da saukarsu, amma shiga ɗakinsu da shara ya zama aikin wani. Akurkin kaji da kashin kyanwa ma haka. Wanka a kududdufi ko rafi a bar shi saboda tsargiya. Dambe, kokawa da ƙwallon da ake karo su ma a bar su. Keke, ɗinki, saƙa, karatu, dara a inuwa, duk babu laifi.

Wajen ci, nono sai wanda aka tafasa madararsa, tsire sai wanda ya gasu har ciki aka ba ka da zafinsa, ruwa kuma a tafasa. Azumi yana bukatar shawarar likita tun kafin watan ya kama, saboda ƙishirwa tana wahalar da ƙoda kuma awa 12 ɗin nan ba ta shiga tsakanin buɗa-baki da sahur. A shekarar farko yawanci hana shi ake yi. Mace kuma ta jira aƙalla shekara guda kafin ɗaukar ciki, in tana shan maganin dashe mai suna mycophenolate a canja mata shi tun da wuri domin yana nakasa ɗan tayi.

Aikin sa kai

Da yawa suna son su rama alherin da aka yi musu, musamman wanda ɗan'uwansa ne ya ba shi ɓangaren hantarsa. Fara da awa biyu a mako, ka ga yadda jiki zai wayi gari, sannan ka ƙara. Zaɓi aikin da ake yi a zaune ko a fili mai iska: riƙe littafin ƙungiyar unguwa, tattara gudummawar marayu, koyar da manya karatu, ko zama da iyalin da ke shirin tafiya dashe ka nuna musu yadda ake tsara magani da takardu. Ranar 28 ga Yuli ita ce ranar yaƙi da cutar hanta ta duniya, kuma mutum irinka in ya tsaya ya ce a je a yi gwaji, ana sauraronsa.

Gayyar yashe magudanar ruwa, jinya a sashen masu tarin fuka da ba da jini ba naka ba ne. Koyar da ƙananan yara a Islamiyya yana yiwuwa, amma da ka ji ƙyanda ko ƙarambau sun ɓulla, ka tsaya a gida ka sanar da likita, ko da ba ka ji komai ba. Ɗigon shan-inna da ake yi wa yara a baki yana da ƙwayar cuta mai rai da ke fita a bayan gida na wasu makonni, don haka a yi wa yaran gida rigakafinsu na allura maimakon ɗigon, in kuma an riga an ɗiga musu, wani ya riƙa yi musu tsarki, kai kuma kada ka shiga aikin ɗigawa. Allurar shawara da ake nema wajen tafiye-tafiye ita ma mai rai ce, ba a yi maka. Likita zai rubuta maka takardar uzuri. Ta sanƙarau da ake yi wa maniyyata ba ta da wannan matsala, kuma in za ka tafi, ka raba maganinka kashi biyu, ɗaya a jakar hannu, tare da ƙarin na mako biyu.