Firi-amf ya yi shiru, ba sauti: ga yadda za ku duba shi

Masu ta turo min tambaya kan firi-amf (na'urar da ke ɗaga ƙaramin sigina na sauti kafin ya shiga amfilifaya) da ya ɗauke sauti, to ga shi nan a jere, ku bi a hankali.

1. Duba maɓallin mute da na tape monitor, wallahi sau da yawa matsalar kenan.
2. Canza wayoyin RCA (wayoyin sauti masu kai ja da fari) da wasu masu kyau.
3. Leƙa bayansa, in ɗan Kwatano ne ka tabbata suwic ɗin zaɓen ƙarfin wuta yana kan 220 ba 110 ba.
4. Cire filogi daga soket kafin ka kwance murfi.
5. Sauke cajin manyan kafasito (masu ajiye wuta) ta hanyar amfani da resisto. Hattara! Suna riƙe wuta ko an kashe, kuma kar ka haɗa ƙafafunsu da sukundireba.
6. Auna fiyus da mita. In ya ƙone sa mai lamba iri ɗaya, banda ɗaura waya don Allah, haka ake ƙona taransifoma.
7. Duba kafasito mai kumburin kai ko mai yoyo, canza shi, kar ka juya ƙafar ragi da ta ƙari.
8. Kunna, ka auna wutar da ke fitowa daga regulato (mai daidaita wuta), mai lamba 7815 ya ba ka +15V, 7915 kuma -15V. In gefe ɗaya babu to nan ciwon yake, ko shi regulaton ko diyod, kuma a nan yawanci nake samun matsalar.
9. In akwai rile (suwic mai aiki da kansa da wuta), saurari ƙas ɗinsa bayan kunnawa.
10. Auna wuta a ƙafa ta 8 da ta 4 na aisi (IC, ƙaramin cif mai ƙafafu), irin su NE5532 ko TL072. Kar tsinin mita ya zame ya taɓa ƙafa biyu.

In sabon fiyus ya sake ƙonewa nan take, tsaya haka, kai wa mai gyara.