Kurakuran da aka fi yi wajen karanta alamomin walda a zane

Kuskuren da ya fi cin ƙarfe da sandar walda shi ne yin walda a gefen da injiniya bai nufa ba. A zane, ana ɗora alamar walda a kan layin kwance mai kibiya da ke nuna mahaɗar da za a yi wa walda. A tsarin Amurka na AWS A2.4, in alama tana ƙarƙashin layin kwance, gefen da kibiya ta taɓa ake nufi, in tana sama kuwa ɗaya gefen ne. Zanen da ya bi tsarin ƙasa da ƙasa na ISO 2553 yakan zo da layi biyu, cikakke da mai ɗigo-ɗigo. Alama a kan cikakken layi gefen kibiya ce, a kan mai ɗigo kuma ɗaya gefen ne, ko layin ɗigon yana sama ko yana ƙasa. Kafin ka tayar da inji, leƙa akwatin bayanin da ke gindin takardar ka ga tsarin da aka bi.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na girman waldar kusurwa, mai alamar alwatika. A ISO, harafin z na nufin tsawon ƙafar walda a jikin ƙarfe, harafin a kuma kaurinta ne daga lungun kusurwa zuwa fuskarta. In zane ya ce a5, ƙafar sai ta kai wajen milimita 7. Mai walda da ya auna ƙafa 5 ya tashi, kaurin da ya bari bai wuce 3.5 ba. Ido zai ga aiki ya yi kyau, alhali kusan kashi 30 cikin ɗari na kaurin da zai ɗauki nauyi babu shi. A ginshiƙin rumfa ko ƙafar tankin ruwa, wannan rayukan mutane ne.

Waldar tsallake-tsallake ma tana ruɗa mutane. A AWS, 50-150 na nufin walda mai tsawon 50, daga tsakiyarta zuwa tsakiyar ta gaba 150, wato tazarar da za a bari 100 ce. A ISO lambar cikin baka ita ce tazarar kanta.

Ɗan zobe a inda kibiya ta haɗu da layi, a zagaye mahaɗar duka. Tuta kuwa, a wurin kafawa za a yi waldar, kada a riga a haɗa a shago. Kibiyar da ta karye tana nuna ƙarfen da za a fere wa baki. A ISO, lambar da ke wutsiya, wato ƙarshen layin da babu kibiya, irin waldar ce: 111 ta sanda, 135 ta waya da gas, 141 ta TIG, wato mai tsinken tungsten da gas.