Yadda ake girka babbar manhajar kamfani zango-zango

Kada a kunna manhaja irin SAP ko Odoo, masu haɗa lissafin kuɗi da sito da saye wuri ɗaya, a duk sassan kamfani rana guda. Kamfanin alewa na Hershey a Amurka ya yi hakan a 1999, daf da kakar cinikinsa, kaya suka maƙale a sito.

A fara da sashen kuɗi, tunda can kowa ke zuba lissafinsa. A nuna manhajar ga ma'aikatan sashen yadda ta zo, a rubuta inda ta saɓa da aikinsu. Gyaran manhajar da ba dole ba a ƙi shi, shi ke wahalar da sabunta ta gaba.

A raba aikin zango-zango, mako 2 kowanne. Ƙarshen zango akanta ne zai shigar da rasit na gaske da hannunsa, ba mai girkawa ba.

Kwashe tsofaffin bayanai zuwa sabuwar manhajar ne ke kayar da mutane: abokin ciniki ɗaya da suna uku, buhu ɗaya da lamba biyu. A tace su tun zangon farko, a gwada kwashewa aƙalla sau 2, jimillar bashi ta yi daidai da ta tsohon littafi. Sai an rufe lissafin wata lafiya a shiga sashen sito da saye.