Inshora Ba Ta Biyan Magani: Kurakuran da Na Gaji da Gani

Na gaji da jin mutum yana bugun ƙirji wai yana da inshorar lafiya, sai ya isa kantin magani a ce masa tsarinsa ya tsaya ga ganin likita da gwaji da gado. Ka karanta takardar yarjejeniyar tun kana da lafiya. Wannan ƙaramin kuskure ne, babban yana gaba, kuma ni na tafka shi da hannuna.

Ina da hawan jini, an ɗora ni kan amlodipine da atenolol. Da aljihu ya yi sanyi sai na zama likitan kaina: yau na sha, gobe na tsallake, don kwali ɗaya ya kai ni wata biyu. Ban ji komai ba, sai na ɗauka dabara na yi, alhali hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. Daga baya atenolol ya ƙare na ce bari albashi ya shigo. A dare na huɗu na farka zufa ta jiƙa matashin kai, ƙirjina na dukan uku-uku, matata na laluben makulli hannunta na rawa. Atenolol yana cikin magungunan da ke rage gudun zuciya, in an yanke shi farat ɗaya sai zuciyar ta zabura kamar dokin da aka sake wa linzami. Inshorar da ta ƙi biyan ƙwaya ita ta biya gado, ni kuma na yi asarar mako biyu na aiki. Da likitar ta ji labarina, tambaya ɗaya ta yi: "Malam, me ya hana ka faɗa min ba ka da kuɗi?"

Kunya ce ta hana ni. To kai da ke rage insulin don kwalba ta daɗe, wa kake yi wa wayo? Mai ciwon suga nau'i na ɗaya da ya rasa insulin, jininsa na iya cika da asid cikin kwana ɗaya ko biyu. Haka maganin farfaɗiya, haka prednisolone, maganin kumburi, ga wanda ya daɗe yana sha: ba a yanke su da ka.

Kuskure na gaba shi ya haifi na rage magani: karɓar takardar magani a yi shiru a fita. Likita bai san nauyin aljihunka ba, sau da yawa sunan kasuwa da ya saba da shi yake rubutawa, ba sunan sinadarin ba. Norvasc amlodipine ne, Glucophage metformin ne, Lipitor atorvastatin ne. Kamfanin da ya ƙirƙiro magani yana samun kariyar mallaka ta shekara 20, in ta ƙare wasu su yi irinsa da sinadari ɗaya, farashi ya faɗo. Ta Lipitor ta ƙare a Amurka tun 2011, amma har yau akwai masu biyan kuɗin sunan. Ni al'adata yanzu, kafin likita ya ɗaga biro nake cewa daga aljihuna zan biya, a rubuta min sunan sinadarin. Nakan kuma tambaya ko maganin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ta fara fitarwa a 1977, don galibinsu tsofaffi ne da aka san halinsu, kuma kamfanoni da yawa na yin su. Sai dai warfarin mai hana jini daskarewa, da levothyroxine na ciwon thyroid, da magungunan farfaɗiya, kada ka sauya kamfani sai da sanin likita, ɗan bambanci a cikinsu yana taɓa jiki.

Kada kuma arha ta ja ka ga shafin intanet mai sayar da magani ba tare da neman takardar likita ba. A 2017 hukumar nan ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na kayan magani a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki jabu ne ko mara inganci.

Raba ƙwaya biyu yana rage kuɗi in likita ya amince kuma ƙwayar na da tsaga a tsakiya. Kafso da masu alamar SR ko XR, wato masu sakin magani a hankali, ba a raba su. Kantin farko ba shi ne na ƙarshe ba, tambayi uku. Maganin tarin fuka da na HIV kyauta ne a asibitocin gwamnati na ƙasashe da yawa, ka bincika kafin ka zaro kuɗi. Ragowar maganin ɗan'uwa, a'a.

Ni dai ina rubuta ranar da kwali zai ƙare a jikin murfinsa, in ya rage ƙwaya goma nake fara neman kuɗin na gaba, atenolol kafin komai.