Yadda za ku kare yaranku idan yaƙi ya iso inda kuke

A shekarar 1994, lokacin kisan ƙare dangi a Ruwanda, dubun dubatar yara sun rabu da iyayensu a cikin turmutsutsun gudu. Wasunsu ƙanana ne ƙwarai, ko sunan mahaifinsu ba su iya faɗa ba, sai da aka riƙa ɗaukar hotunansu ana bazawa ko wani zai gane su. Wannan ne ya sa nake ganin babbar kariyar yaro a lokacin yaƙi ita ce ya kasance tare da babban da ya san shi kuma yake ƙaunarsa. Yaron da ya rabu da nasa shi ne yunwa ta fi kamawa, shi ne mayaƙa da masu fataucin mutane suka fi samu cikin sauƙi.

Mataki na farko, tun ƙura ba ta tashi ba, ku koya wa kowane yaro cikakken sunansa, sunan uwarsa da na ubansa, sunan garinsu, da lambar waya guda ɗaya. Ku mayar da abin waƙa, ku riƙa rerawa tare har ya zauna masa. Wanda bai fara magana ba, ku rubuta bayanan a ƙyalle da tawadar da ruwa ba ya wankewa, ku ɗinke a cikin rigarsa ta ciki. Na ce ta ciki ne saboda a rikicin ƙabilanci ko na addini, suna kaɗai na iya jawo wa yaro halaka. Ku ɗauki hoton kowane yaro, ku tura wa wani ɗan'uwa da ke nesa. Takardar haihuwa da katin rigakafi kuma su shiga leda ɗaya, a wurin da hannu zai kai cikin duhu.

Na biyu, ku raba wa manya aikin kula da yaran. Kada a bar maganar a kan "kowa ya kula da yara", domin a ranar gudu kowa zai zaci yaron yana hannun wani. A ambaci suna: wance ke da jariri, wane ke da 'yan biyu. Ku tsayar da wuraren haɗuwa biyu, ɗaya kusa da gida, ɗaya a wajen gari, yaran da suka yi wayo su san su. A hanya, a riƙe hannu, a ƙirga kawuna duk inda aka tsaya. Idan mota ta zo aka ce yara kaɗai za a ɗauka, ku yi iya ƙoƙarinku babba ɗaya ya bi su. In ya gagara, ku rubuta sunan wanda ya karɓe su, ƙungiyar da yake wa aiki, lambar motar, da inda aka nufa.

Na uku shi ne abin yi idan harbi ya ɓarke. A kwanta rub da ciki, a rufe kai da hannuwa, a nisanci taga. Ɗakin da ya fi shi ne na tsakiyar gida, inda bango biyu ke tsakaninku da waje. Ku gwada wannan da yaran kamar wasa, domin yaron da bai saba ba leƙe zai fita yi. Ku kuma guji duk ginin da masu bindiga suka tare a ciki, ko da makaranta ce. Ƙasashe fiye da 100 sun amince da sanarwar kare makarantu da aka ƙaddamar a Oslo a 2015, amma makarantar da ta koma bariki ta zama abin hari.

Bayan an daina harbi, ƙasa ba ta huce ba. Yarjejeniyar Ottawa ta 1997 ta haramta nakiyoyin da ake binnewa don mutane, duk da haka akwai su, ga kuma harsasai da bama-baman da ba su tashi ba. Yaro gajere ne, fashewar da za ta cire wa babba ƙafa shi a ciki da ƙirji take samunsa. Doka ɗaya za ku dasa masa: abin da ba kai ka ajiye ba, kada ka taɓa, kada ka jefe shi, ka zo ka faɗa. A bi hanyar da mutane ke bi kullum.

Mataki na gaba cuta ce, wadda a sansanin gudun hijira takan yi wa ƙananan yara ɓarna mai yawa: gudawa, ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu da tamowa. Ku tafasa ruwan sha. Idan gudawa ta kama yaro kuma babu ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari na asibiti, ku zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta, ku riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har ku isa wurin ma'aikatan lafiya. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, domin madarar gwangwani da aka dama da gurɓataccen ruwa tana kashe jarirai. Da kun isa sansani, ku nemi allurar ƙyanda.

Sai batun masu ɗibar yara. Dokar Rum ta 1998, wato yarjejeniyar da ta kafa kotun duniya ta ICC, ta ce sanya yaro ɗan ƙasa da shekara 15 a yaƙi laifin yaƙi ne, kuma a kan haka kotun ta samu Thomas Lubanga, wani madugun mayaƙa na Kwango, da laifi a 2012. Amma hukuncin kotu bayan ɓarna yake zuwa. Ba duka yara ake sacewa ba. Wasu da aike ake fara jan su, da ɗan abinci, ko da alƙawarin ɗaukar fansar mahaifi. Ku san wanda ɗanku ke zama da shi, ku tambayi inda ya samo duk sabon abin da kuka gani a hannunsa. 'Yan mata su je ɗibar ruwa, itace da banɗaki a ƙungiya. Ku faɗa musu kayan agaji kyauta ne, babu mai ikon neman wani abu a madadinsu. Idan an yi wa yarinya ko yaro fyaɗe, a kai shi asibiti cikin awa 72, lokacin da maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki. Yaron da ya dawo daga hannun mayaƙa kuwa, wanda aka zalunta ne, a karɓe shi a matsayin haka.

Za ku ga yaro ya koma fitsarin kwance, ko yana firgita cikin barci, ko ya daina magana. Kada ku doke shi. Ku faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa, ku tsayar masa da lokacin ci, na barci da na karatu, ku bar shi ya yi wasa.

Idan duk da haka yaro ya ɓata, ku kai rahoto ga Red Cross ko Red Crescent nan take, da hotonsa da duk wani tabo da ke jikinsa. Aikin haɗa iyalai da suke yi kyauta ne. In kuma ku ne kuka tsinci ɗan wani, ku fara tambayar mutanen da ke wurin kafin ku yi nisa da shi, domin sau da yawa uwar tana kusa tana nema. Ku rubuta wuri da ranar da kuka same shi, ku yi masa rajista, kada ku canza masa suna, kuma ku adana kayan da ke jikinsa ko sun yage, don da su uwarsa za ta iya shaida shi bayan shekaru.